An Ce Ni Na Jefa Gem Ɗinsa a Kanal

Shafi na 11

Masu turo saƙo kuna cewa na yi shiru, na ji ku. Tumatir muke tsinka, ba zaman banza nake ba. Asta da take rubuta min abin da na faɗa ita ma tana da miji da tukunya. Ke kuma da kika ce in yafe in bar wa Allah, 'yar nan, na bar wa Allah shekara ashirin da ɗoriya. Yanzu da mutane nake.

Yadda na gaya muku, samarin garinmu da 'yan mata sun haɗa wasan kwaikwayo mai waƙa a kan tarihin gem, wasan nan da ake dannawa a talabijin. Ranar Asabar za su yi shi a filin firamare. Sun gayyato mutane daga Kura, sun gayyato daga Bunkure. Kuma akwai ni a ciki. Ni ce matar da ta tsine wa ɗanta, ta ɗauki gem ɗinsa ta jefa a kanal, ya bi abinsa, ruwa ya tafi da shi. Haka garin nan yake faɗa tun ranar. Yanzu kuma za a sa wa maganar kiɗa.

Ban tsine masa ba. Ban taɓa abinsa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar na dama wa Malam, mai gidana, fura, na ajiye masa kwanon a jikin ƙafarsa inda hannunsa zai same shi. Idon Malam ya daɗe da tafiya, ni ce idonsa. Ya ji ina neman takalmi.

"Ina za ki?"

"Firamare."

"Talatu, ki ƙyale yaran nan. Wasa ne."

"Da sunana suke wasan."

"In kin je me za ki samu? Abin da ya kwanta a bar shi ya kwanta."

"A wurinka ya kwanta, Malam. Ni har yau in na shiga gidan suna, mata janye jariransu suke daga kusa da bakina."

Na fita.

Hanyar firamare ta bakin kanal take. Ba na son hanyar, amma babu wata. Ruwa ya cika fal, kore shar, yana tafiya ba ƙara. Masu ban ruwa suna ta jan tiyo, kwandunan tumatir jere a bakin titi ana jiran mota. Ina isa wurin gadar nan mai ragar ƙarfe, inda aka tsamo shi, na ji fiton.

Na tsaya.

Ku da ba ku sani ba, ɗana na fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi. To shi sai ya samo mana dabara. In zai shigo gida sai ya yi fito daga zaure, wani ɗan sauti da gem ɗinsa yake yi in an kunna. In na ji, sai in tura masa kwano bakin ƙofa ban ɗaga kai ba. Gaisuwarmu ke nan.

Tun da ya tafi nake jin fiton nan a bakin kanal. Na saba. In na yi a'uziyya yakan ɗauke.

Ranar bai ɗauke ba. Ƙara ƙarfi ya yi. Har da ganga a bayansa.

Daga firamare yake fitowa.

Na tarar sun ture bencina gefe a babban aji. Wani yaro yana danna fiyano, wani yana riƙe da kalangu. Suna ganina kiɗa ya mutu. Abdulsamad, shugabansu, wanda suke kira darakta, ya taso da sauri ya durƙusa.

"Iya, sannu da zuwa. Ina wuni?"

"Lafiya. Tashi. Wa ya koya muku wannan sautin?"

"Alhaji Hambali ne ya yi mana shi da baki, muka ɗora a fiyano. Ya ce fiton marigayi ne."

Hambali aminin ɗana ne. Tare suka buɗe ɗakin gem na farko a garin nan, a shagon bayan masallaci. Yau yana da injin casar shinkafa da tumbi, shi ne uban ƙungiyar yaran.

Abdulsamad ya ga ina kallon dogon teburin da suka shimfiɗa wa zani a jikin bango. Sai ya samu abin riƙewa.

"Iya, zo ki gani. Wallahi girmama shi muke yi. Kin ga wannan, 'yar bulo ce, da batir take aiki, iyayenmu a ƙarƙashin benci suke buga ta. Wannan mai kaset ne, sai an hura wa kaset ɗin iska kafin ya kama. Wannan mai faifai ne, in ya tsufa sai an kifa shi a kan bayansa yake karantawa. Gida gida muka bi muka tattaro su. Yau duk ya dawo cikin waya, amma a garin nan daga hannun Iliyasu aka fara. Duk mai gyaran waya da kika gani a bakin kasuwa, a ɗakinsa shi ko yayansa ya fara riƙe sukundireba. Shi ya sa muka ce ba za a manta da shi ba."

Ba ƙarya yaron yake ba, na ga idonsa. Shi ya fi ba ni haushi.

"Na ji. Ku yi min wurin da na fito."

"Iya..."

"Kurma ne kai? Na ce ku yi min wurin da na fito."

Suka kalli juna. Abdulsamad ya tafa hannu a sanyaye.

Wani yaro Salim ya shigo ta ƙofar baya yana fito. Hula a karkace. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. An naɗe masa babban yatsan dama da tsumma. Ban san wa ya koya masa tafiyar ba, amma sai ga ni zaune a benci ban shirya ba. Rana tana bayansa, fuskarsa ba ta fito ba. Da a ce ya tsaya a haka bai yi magana ba, da na tura masa kwano.

Sai ga wata yarinya an shafa mata toka a gira, ta ci ɗamara, tana riƙe da gem na kwali. Ummukulsum ce, 'yar Hambali. Muryarta kamar ta tsaga kwano, mai daɗi ce, ba zan ɓoye ba.

"Gonar ubanka ta bushe ƙaƙas,
Kana can kana danna wa allo.
Na ba ka nono, ka ba ni kunya,
Je ka, ruwa ya zame maka shimfiɗa."

'Yan amshi suka ɗauka, "Ruwa ya zame maka shimfiɗa." Yara biyu suna kaɗa shuɗin yadi a ƙasa, wai shi ne kanal. Ta ɗaga kwalin sama za ta jefa.

"Ajiye shi."

Ta ajiye.

"Zo nan. Ke ce ni?"

"Eh, Iya."

"Kin taɓa jin na yi waƙa?"

Wani ya yi dariya daga baya, ya haɗiye ta.

"A'a, Iya."

"Kin taɓa jin na tsine wa ko da akuya?"

"A'a."

"To wa ya sa miki wannan a baki?"

Abdulsamad ya shiga tsakani. "Iya, ni na rubuta. Amma labarin kowa ya san shi."

"Kowa yana wurin?"

"Alhaji ne ya ba mu. Shi ne na kusa da shi."

Salim ya cire hular, ya koma yaron mutane. Ya ce a hankali, "Iya, kar ki ji haushi. An ce ko ranar jana'iza ba ki yi hawaye ba."

"Kai ɗan waye?"

"Ɗan Mudassiru mai taki."

"Je ka tambayi kakarka ko ana yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Je ka tambaye ta."

"Ni ma ɗan fari ne ai. Mamata hotona ne a fuskar wayarta."

"Allah ya bar ku tare. Mu a lokacinmu zani muke cusawa a baki mu shiga bayan rumbu. Matan da suka ce ban yi kuka ba, duk sun san haka. Sun sani sarai. Daɗin labarin ne ya fi musu."

Na miƙe. Niyyata in kama zanin teburin nan in fizge, duk tarihinsu ya zube ƙasa, in tafi gida. Har na damƙi bakin zanin.

Sai na gan shi.

A can ƙarshen tebur yake, ba a ma sa masa takarda ba. Gem ne baƙi, mai kaset, ƙura a cikin ramukansa. Da hannunsa guda ɗaya da ake dannawa, wayar a naɗe. A kan maɓallin dama akwai wani abu manne, ruwan ƙasa, ya yi sumul don shafa.

Na saki zanin.

Shekarar da ɗana ya buɗe ɗakin gem, lauje ya cire masa kan babban yatsa a yankan shinkafa. Ya warke amma ya gajarce, ba ya kai wa maɓallin. Bai gaya min ba, ba ya iya gaya min. Ƙanwarsa na ji yana yi wa ƙorafi a tsakar gida. Da ya fita na ɗauki ludayina na duma, na fasa bakinsa, na fere guntu da wuƙa daidai faɗin yatsa, na goge shi a dutse. Na jiƙa ƙaro na manna a kan maɓallin. Na mayar masa cikin jaka. Washegari da ya zo zaure, sau biyu ya yi fiton. Godiyarsa ke nan. Ni da shi ba mu taɓa ta da maganar ba.

Na ɗauki hannun gem ɗin. Ga zanen wutar da ke bakin ludayina, rabin layi biyu, yana nan.

"Wa ya kawo wannan?"

Ummukulsum ta ɗaga hannu kamar a aji. "Ni ce, Iya. Ɗazu na kawo."

"Daga ina?"

"A siton injin Abba. Ina neman tsofaffin buhuna da za mu yi labule, na gan shi cikin akwatin ƙarfe, an naɗe shi a buhun taki. Na ce ai irinsa muke nema."

"Ubanki ya sani?"

"Ban gaya masa ba. So nake ya gani ya yi mamaki."

"Zai yi." Na juya ga Abdulsamad. "Jona shi."

"Iya, ba lallai ya kama ba, ya daɗe..."

"Jona shi na ce."

Ya jawo tsohuwar talabijin da suka ajiye don nuni. Ya zare kaset ɗin, ya hura masa iska, ya mayar. Allo ya yi ta yayyafi. Ya sake zarewa, ya sake hurawa. Janareta tana ta kuka a waje.

Sai allon ya yi baƙi. Sai ya kawo.

Sautin ya fito.

Ba na fiyano ba. Ba na bakin Hambali ba. Shi kansa, ɗan siriri, kamar daga cikin gwangwani. Tsikar jikina ta tashi. Wallahi na juya na kalli ƙofar ajin, don na san yanzu zai sunkuyo ya shigo. Babu kowa, sai inuwar darbejiya.

Na ce, "Ku da kuka yi boko, ku gaya min. Abin da aka jefa a kanal yana kamawa?"

Suka zuba wa allon ido.

"Abin da ruwan madatsar Tiga ya tafi da shi, yana dawowa da ƙafarsa ya shiga akwatin ƙarfe ya naɗe kansa a buhu?"

Abdulsamad ya ce, "Iya, kina nufin wannan ne na..."

"Wannan guntun da kake gani, ludayina ne. Hannuna ya fere shi. Matar da ta fasa ludayinta don ɗanta ya ji daɗin wasansa, ita ce kuka sa wa toka a gira."

Ummukulsum ta sa gefen mayafi tana goge girarta. 

A nan muka ji tsayuwar mota.

Hambali ya shigo da sallama, yaron shagonsa yana biye da kiret ɗin lemo. Yana dariya. "Ina 'yan wasana? Na ce bari in jiƙa muku maƙo..."

Bai ƙarasa ba. Ba ni ya fara gani ba. Sautin ya fara ji. Na ga lokacin da ya shige shi. Carbin hannunsa ya faɗi ƙasa, bai sunkuya ba.

"Wa ya... wa ya taɓa min sito?"

"Ni ce, Abba."

Sai ya gan ni. Ya ga abin da ke hannuna.

"Inna. Ina wuni."

"Ban wuni ba."

"Inna, don Allah mu je waje."

"A'a. A shago ka faɗa, a masallaci ka faɗa, a wurin zaman makoki ka faɗa. Ka zo ka faɗa wa 'ya'yan cikinka suka sa masa kalangu. A nan za ka warware."

"Yara ne a nan."

"Su za su yi waƙar ai. Hambali, ni na jefa wannan a kanal?"

Ya kalli ƙasa.

"Da kai nake. Tuwo nawa ka ci a kwanona? Ni na jefa?"

"Abba," in ji Ummukulsum, "ka ce wani abu mana."

Ya nemi benci ya zauna. Bencin yara ne, gwiwoyinsa suka taso har ƙirji. Babban mutum da babbar riga.

"Ba ki jefa ba."

"Ɗaga murya. Na tsufa."

"Ba ki jefa ba, Inna. Ba wanda ya jefa."

Wata yarinya ta ce innalillahi. Abdulsamad ya kai hannu zai kashe talabijin, na ce ya bar ta.

"To me ya kai shi ruwa?"

"Ni na ce masa an jefa." Ya shafa fuskarsa. "Ya je Kura sayen mai. Kafin ya dawo an ɗauke gem ɗin daga shago. Da ya tambaye ni na ce masa yana kanal, wajen gada. Inna, wallahi tallahi a satin an rufe ruwa ana yashe kanal. Iya gwiwa ne. Yara ma kamun kifi suke a ciki. Na ce zai je ya yi ta lalube a taɓo ya gaji ya dawo. Ban san da safiyar nan aka sako ruwa ba. Ban fita gona ba ranar. Da na fita da na gani."

"Shi bai ga ruwan ya cika ba?"

"Ya gani. Masu wanki sun ce ya tsaya ya kalla. Sai ya tuɓe riga."

Na riƙe bakin tebur.

"Na ji wannan. Saura ɗaya. Garin nan cike yake da mutane. Akwai liman da yake zaginku a huɗuba. Akwai iyayen yaran da suke guduwa daga dashe su zo shagonku. Me ya sa ni? Me na yi maka da ka ce ni?"

"Inna, ki bar shi haka."

"Me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To don me?"

"Ba ni na zaɓe ki ba."

Sautin gem ya kai ƙarshe, ya sake ɗaukowa daga farko.

"Wa ya zaɓe ni?"

"Na yi rantsuwa."

"Ka yi kaffara. Kana da shinkafar ciyarwa. Wa ya zaɓe ni?"

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. Ya kalli 'yarsa, ya kalli yaran, ya dawo kaina.

"Wanda ya ɗauke shi daga shago. Shi ya sa shi a buhun taki ya miƙo min. Ya ce dattawa sun dame shi, tumatir yana ƙonewa ba mai ban ruwa, ɗansa yana zaune yana danna roba. Ya ce in ɓoye na wata guda har yaron ya dawo hayyacinsa. Na ce Baba, in ya tambaye ni fa? Zai je ya tayar da rigima da duk wanda na ambata. Sai ya ce..."

"Ya ce me?"

"Ya ce, ka ce masa uwarsa ce. Ita kaɗai ce ba zai iya tambaya ba. Zai haɗiye, ya koma gona."

Ban ji faɗuwata ba. Na dai ga Ummukulsum a durƙushe tana riƙe da kafaɗata.

Buhun taki. A gidanmu a bayan ƙofar ɗakin Malam ake ajiye su.

Ranar da ruwa ya tafi da shi, da hantsi, ina tankaɗe a bakin madafa. Ban ji fito ba, sai na ga inuwa a kan faifaina. Ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi. Ya tsaya a kaina. Na ga ƙafafunsa, na ga jarkar mai a hannunsa. Ya daɗe a tsaye. Na ji ya ja numfashi kamar zai yi magana. Ni kuma na sunkuyar da kai yadda aka koya min, na ci gaba da tankaɗe. Ya ajiye jarkar a hankali. Ya juya.

Shekara da shekaru ina tambayar kaina me ya zo faɗa. Ashe tambaya ya zo yi. Kalma ɗaya. Da ya yi ta, da na ce masa wane gem, da yau yana da furfura.

Malam ya san ɗansa. Ya san ni. Ya auna mu daidai.

"Bayan an binne shi fa?" na ce. "Da gari ya ɗauka ana cewa na tsine masa?"

"Na je na same shi. Na ce Baba, maganar nan ta yi wa Inna nauyi, masu wanki sun ji Iliyasu yana cewa ita ce, kowa ya ɗauka. Ya ce in na buɗe baki ni da shi za a ce mun kashe. Ya ce ke mace ce, kina cikin gida, za a yi kwana biyu a manta."

"An manta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ma da aka zo tambayarka labari, ka ƙara masa gishiri."

"In na faɗi wani daban za su tambaye ni dalili."

Abdulsamad ya durƙusa a gabana, takardun wasan a hannunsa. Yaron kuka yake. "Iya, mun fasa. Wallahi mun fasa. Zan kira mutanen Kura in ce kar su zo."

"Ba ku fasa ba."

"Iya?"

"Wa ya ce ku fasa? Ku jera kayanku. Ku hura kaset ɗinku. Ku yi masa waƙa, ya cancanta, shi ya kawo muku abin nan garin nan a bayan keke. Ke kuma," na kalli Ummukulsum, "muryarki ba ta yi laifi ba. Wanke tokar. In za ki yi ni, ki zauna ki fere ludayi. In kin gama, ubanki zai hau ya riƙe lasifika ya faɗi abin da ya faɗa yanzu, mutanen Bunkure su ji, na Kura su ji."

Hambali ya ce, "Inna, zan hau. Na gaji ni ma. Amma in na hau, ba zan iya tsayawa a rabi ba. Za su ce wa ya ba ka buhun. Baba yana raye. Makaho ne. A hannunki yake ci."

 Duk suna kallona.

Na ce wa Abdulsamad, "A takardarku me kuka rubuta a kaina?"

"Uwar Iliyasu."

"Bar shi haka." Na ji harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Na buɗe baki. "Iliyasu. Iliyasu ɗana ne. Ni na haife shi."

 Sunan ya fita ya tsaya a ajin. Ban mutu ba.

Na kama wayar hannun gem ɗin na zare ta daga jikinsa. Na naɗe, na sa a cikin mayafina.

"Iya, ina za ki da shi?"

"Gida."

Na biyo bakin kanal. Na wuce gada. Na kasa kunne da gangan. Babu fito. Ruwa ne kawai yake wucewa ta ragar ƙarfe.

Na tarar da Malam inda na bar shi, a kan buzu, ya jingina da bango. Ya shanye furar, ya kife kwanon yadda yake yi don in san ya ƙoshi.

"Talatu? Ke ce?"

"Ni ce."

"Kin daɗe. Kin ga wasan nasu?"

"Na gani."

"To, ai na gaya miki. Shirme ne na yara."

Na durƙusa a gabansa. "Miƙo hannunka, Malam."

"Me kika kawo min? Goro?"

"Miƙo."

Ya miƙo, yana murmushi. Na ɗora masa a tafi.

Ya juya shi. Ya shafa wayar. Ya shafa gefe. Babban yatsansa ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, har ya hau kan guntun ludayin.

Yatsan ya tsaya.

Murmushin ya tafi.

Na ce, "Shi bai iya tambayata ba. Ni zan iya tambayarka."